Fallen Farko a Injin Zafi

"Ba ni hannun na gani, Akka."

"Me za ka gani a hannun tsohuwa? Ka ji da gugar injinka."

"Na daman nake nufi. Wanda kika naɗe da tsumma tun safe."

Ramuthai ta ci gaba da goge ƙafar injin kamar ba da ita ake ba. Kaliraj, wanda ke sarrafa injunan liƙa leda na maɗaba'ar, ya ajiye bokitinsa ya tsuguna kusa da ita. Ba su haɗa jini ba, amma shekara goma sha biyu ke nan yana kiran ta Akka, wato yaya, ita kuma tana ce masa Thambi, ƙane. Ya kama bakin tsumman ya warware a hankali. A kan yatsunta biyu na tsakiya akwai ƙuna, ta yi ruwa ta fashe.

"Man suya ne ya fallatso mini," in ji ta.

"Man suya. Ashe a ɗakin girkinki muke shekaranjiya, da makanikai suka kunna sabon inji don gwaji. Ina tsaye a bayanki, Akka. Kin dafa murfin rola kina kallon yadda leda ke tafiya. Na ƙirga a raina har biyar. Ni da nake da fatar hannu kamar ta takalmi, ko ɗaya ba zan kai ba. Sai da kika ji ƙauri sannan kika duba."

Ta waiga. Ranar hutun injuna ce, ranar da ake wanke kowane kayan aiki a yi masa ado, ba a kunna komai. Mata suna can bakin ƙofa suna ɗaure kututturen ayaba, maza biyu suna kan tsani suna rataya furanni. Ba mai kallon su.

"Rage murya, Thambi."

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin zafi. Wata biyar."

"Duka hannun?"

"Kan yatsu. Dama da hagu." Ta karɓe tsummanta. "In ka faɗa wa Annachi, ka san ka zubar mana da tukunya, ni da mai gidana."

Annachi shi ne mai maɗaba'ar. Kowa haka yake kiran sa, har waɗanda suka girme shi.

Shekara ashirin da bakwai Ramuthai ta yi a tsaye gaban injin liƙa leda. Tana amarya ta zo Sivakasi daga wani ƙauye na hanyar Sattur, ta fara da liƙa kwalayen ashana a tsakar gida kamar sauran matan layinsu. Da mijinta Irulandi ya kamu da tari, tarin da ƙurar kamfanin wasan wuta ta bar masa a ƙirji, sai ta nemi aikin wata. Mahaifin Annachi ne ya ɗauke ta, ya tsayar da ita gaban injin gam, ya ce ta kalli mai yi na kwana uku kada ta taɓa komai.

Injin gam tsohon abu ne mai haƙuri. Yana da dogon kwano cike da farin gam mai kaurin kunu. Leda takan warwaro daga naɗinta, ta shafi gam, ta haɗu da takarda a tsakanin roloji biyu, su matse su su fito manne. Tafiyarsa kamar ta keken shanu, kuma abin da ya liƙa sai ya kwana kafin ya bushe. Aikin Ramuthai shi ne sa falle ɗaya bayan ɗaya, kan sabo ya ɗan hau wutsiyar na gaba da tsawon ƙwayar shinkafa. In bai kai haka ba, leda ta manne wa rola. In ya wuce, hoto ya lalace. Ba ta duba wannan da ido. Yatsunta ne ke gaya mata ko falle ɗaya ta ɗauko ko biyu, ko takarda ta sha sanyi, ko akwai ƙura a kanta. Takan yi hira, takan yi faɗa da mai kawo shayi, hannun yana ta aikinsa.

Akwai kuma abin da aka koya mata tun makon farko, wanda kowane mai sa falle a garin nan ya sani. In wani abu ya faɗo kan takarda, ƙuda ne ko gashi ko ɓurɓushin kwali, sai ka kaɗe shi da yatsa kafin ya kai ga rola, domin da zarar leda ta rufe shi ya zauna ke nan. Ba a tsayar da inji don ƙuda. Hannu ne yake shiga ya fito. Ramuthai ta yi suna da wannan. Kalandar alloli, kwalayen alewa, kwalayen wasan wuta masu hoton damisa, miliyoyi sun bi ta hannunta, kuma ba a taɓa dawo mata da aiki don datti ba.

Ta san kuma abin da rola ke yi. A shekararta ta huɗu ta ga wani magidanci ya kai tsumma zai goge gam inji yana tafiya. Rola ba ta yanka, ja take yi. Ta ja tsumman, ta ja yatsu, ta ja tafin hannu, mutumin yana bin ta da kafaɗa kamar mai neman wani abu a rami. Abin da ke tsare mutum shi ne ya ji taɓawar farko ya fizge. Ramuthai ta sha jin wannan taɓawar, ta fizge, ta yi dariya.

Da zafin bana ya shigo sai ta fara jin kamar ta sa safar hannu. Allura ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Likitan asibitin gwamnati ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa mata yatsu da wani siririn abu yana tambaya ko ta ji. Ta ce ta ji, alhali ya riga ya ajiye abin. Ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiya, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce zai yi wuya jin ya dawo. Ba ta gaya wa kowa ba, har Irulandi. A wurin aiki ta koma yi da ido. Ta daina hira. In ta sa falle biyu a haɗe, sai ta ce takardar bana ce ba ta da kyau. Injin gam yana tafiya a hankali, ya rufa mata asiri.

Yanzu an kawo injin zafi. Ba shi da kwanon gam, ledarsa tana zuwa da busasshen gam a jikinta, wata ƙatuwar rola ta ƙarfe mai sheƙi kamar madubi ce ke narkar da shi. Zafinta ya fi na tafasasshen ruwa, gudunta ya ninka na tsohon sau huɗu, kuma aiki yana fita a bushe, a yanka a tura. Tsohon injin an riga an yi cinikinsa da wani mutumin Madurai, jibi za a zo a kwance shi.

Ba inda za ta koma. Ƙananan injunan shagunan kwafi, masu rufe katin shaida da takardar makaranta, mai shago da kansa yake yi. Manyan na kamfanonin bakin hanya, masu liƙa leda a kan leda don buhunan sabulu da kayan ciye-ciye, daga naɗi suke ci su zuba a naɗi, ba sa neman hannun kowa. Samari ne masu takarda ke zama gabansu suna danna maɓalli.

"Gobe ke za ki sa fallen farko," in ji Kaliraj. "Ke ce babba yanzu."

Haka al'adar take. Washegarin hutu, ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa ne ke sa takarda ta farko, a gaban mai maɗaba'ar da iyalinsa.

"Falle ɗaya ne."

"Gobe ɗaya ne. Jibi fa?"

"Jibi ma Ramuthai ce. Na fara aikin nan kana yawo ba wando."

"Na sani, ba sai kin tuna mini kullum ba." Bai yi dariya ba. "Ba zan faɗa ba, Akka, bakinki ne. Hannuna zai kasance a kan jan maɓalli. Amma ki sani, wannan ba irin tsohon ba ne. In na danna, sai ya ƙara tafiyar taƙi guda kafin ya tsaya. Na auna."

Ta kalli hannunta. Daga kan yatsa zuwa wuyan hannu, taƙi guda ne.

Da rana aka yi addu'a. Aka ɗiga wa kowane inji kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi da jan gari, aka kewaya da wutar kafur, aka fasa kabewa a bakin ƙofa. Kowa ya sami ƙunshin guggurun shinkafa da mazarƙwaila da ayaba biyu. Ramuthai ta kai nata gida. Irulandi yana zaune a tabarma ya jingina da bango, yadda numfashi ya fi zo masa da sauƙi.

"Matar manya ta dawo," ya ce. "An ce gobe ke ce sarauniya. Ki sa koren sarin nan, kada ki je musu kamar mai sayar da gawayi."

"Kai dai ci ka yi shiru."

Ya ci, ya yi tari, ya ci. Ita ta koma bayan ƙofa inda ba zai gan ta ba, ta zuba ƙwayoyin gugguru uku a ƙasa, ta rufe ido, ta lalaba. Ta daɗe tana shafa siminti. Da ta buɗe ido, biyu suna manne a yatsanta tun ba ta san yaushe ba. Ta share su, ta ɗora tukunya.

Da safe ta sa koren sarin, ta ɗora rigar maza a kai ta ɓalle maɓallai har wuya kamar yadda matan maɗaba'a ke yi, ta naɗe kitsonta ta cusa a ciki. Ta sami mutane sun cika ɗakin. Annachi yana gaba da farin zane, matarsa tana riƙe da faranti. Sabon injin yana sanye da adonsa na jiya, an zagaya masa doguwar igiyar furanni ruwan ɗorawa, tana lilo a saman rola. Kaliraj ya kunna tun da wuri don ya yi zafi. Tun daga nesa ta ji hucinsa a fuska.

A kan tebur an tara aikin kalanda, falle dubu arba'in, tsayinsu ya kai ƙirjinta. Na sama hoton allahiya Lakshmi ne zaune a kan fure.

Kaliraj ya saki rola a hankali.

"Wannan wace irin tafiya ce?" in ji Annachi. "Da haka nake so ai da ban sayar da tsohon ba. Ƙara masa, mutane su ga abin da muka saya."

Kaliraj ya kalli Ramuthai, ya murɗa. Ƙarar ta sauya, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Ta ɗaga fallen da hannu biyu, ta duba gefensa da kyau ta tabbatar ɗaya ne, ta kwantar da shi, ta daidaita, ta tura. Rola ta kama kansa. Ta saki. Shi ke nan, ta ce a ranta, an gama.

Sai rawar injin ta kaɗa igiyar. Fure ɗaya ya tsinke, ya faɗo a tsakiyar takardar.

Ba ta yi shawara ba. Hannun ne ya tafi da kansa, yadda ya saba tafiya shekara ashirin da bakwai. Ta kai masa kaɗi ta rasa, domin takardar ta fi saurin da hannun ya sani. Ta sake kaiwa. A nan ta ga yatsunta sun sauka a kan takardar, takardar tana tafiya da su, ita kuwa ba ta jin komai, kamar hannun wata take kallo. A jikin rolar mai sheƙi ta ga wasu yatsu huɗu suna tahowa su tarye nata. Ta fizge da dukan jikinta har ta bugi mutumin da ke bayanta.

Kaliraj ya danna jan maɓalli. Injin ya ƙara tafiyarsa, ya haɗiye furen, ya tsaya.

Kaliraj ya zagaya ya yanke ledar, ya ɗago fallen. Ga furen nan a baje, a rufe, daidai ƙafafun allahiya.

Matar Annachi ta ajiye faranti ta dafa kumatunta. "Fure ya faɗo," ta ce. "Ta amsa. Kun gani? A ƙafarta ya sauka."

Ɗakin ya ɗauki murna. A wurin mutanen garin nan in ka roƙi abu fure ya faɗo daga ado, an amsa maka ke nan. Wasu mata suka haɗa hannu a ƙirji. Wani ya ce ya ga Ramuthai ta kai hannu za ta kaɗe, sai aka hana ta. Wani ya ce a'a, ita ce ta gane ta janye don ladabi. Annachi ya karɓi fallen da hannu biyu ya kai goshi.

"Wannan gilashi za a sa masa, a rataye a ofis," ya ce. Ya juyo fuskarsa cike da fara'a, ya haɗa mata da Amma, wato uwa, kiran girmamawa. "Ramuthai Amma, hannunki yana da albarka. Mahaifina ya sha faɗin haka. Daga yau injin nan naki ne, ba mai sa masa takarda sai ke. Akwai ƙarin albashi kuma."

Aka tafa mata. Wata ta rungume ta. Ramuthai tana tsaye. Ƙarin albashi na nufin maganin Irulandi na shaƙa ba zai riƙa yankewa a tsakiyar wata ba. Ba abin da ake nema gare ta sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta kalli tarin kalandar. Dubu arba'in ba ɗaya, bayansu kwalayen bikin Dipawali, bayansu katunan aure. Ko ta rantse ba za ta sake kai hannu ba, ta ga yadda hannun ya tafi bai tambaye ta ba. Ta kalli Kaliraj. Tafinsa yana nan a kan maɓallin, bai ɗaga ba, idonsa a ƙasa.

"Annachi," ta ce. Bai ji ba. Ta sake. "Annachi, ba zan iya ba."

"Ji kunya," in ji matarsa tana dariya. "Kamar amarya."

Ramuthai ta juya gare ta. "Uwar gida, ara mini fil ɗin kafaɗarki."

Matar ta yi mamaki, amma ta cire ta ba ta. Ramuthai ta riƙe fil ɗin da ƙyar, ta miƙa hannun dama gaban Annachi, ta soka a kan manuniya. Ba ta kalli wurin ba, fuskarsa take kallo. Ta ga fara'ar tana janyewa, ta haka ta san jini ya fito.

"Ba na ji," ta ce. "Duka goman. Suga ne. Furen nan ba bari na yi ba, rasa shi na yi. Saura kaɗan hannun ya bi shi."

Annachi ya dubi fallen da ke hannunsa, ya dubi rolar.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Wata biyar kina tsaye gaban injina." Ya yi maganar a hankali, wuyansa ya kumbura. "Da yau ya shiga fa? A ranar nan, a gaban matata, a gaban mutane? Me zan ce wa mijinki?" Ya juya ga Kaliraj. "Kai ka sani?"

"Jiya na sani, Annachi."

"Jiya." Ya miƙa wa matarsa fallen ba tare da ya kalle ta ba. Ya yi taku biyu ya dawo. Ramuthai ta jira kalmar da ta yi wata biyar tana jin tsoro. Sai ya tsaya a gabanta.

"Idonki fa?"

"Ina gani."

Likita ya ce mata suga yakan taɓa ido ma. Ba ta faɗi wannan ba.

"To je ki baya, teburin duba aiki. Ki riƙa ware fallen da ya yi kumfa ko ya karkace. Kuɗin yini ne, ba na wata ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Bayan Dipawali mu zauna."

Ta san teburin nan. Na lokacin cunkoson aiki ne, bayan biki akan naɗe shi a jingine a bango. Kwana ashirin ke nan. Ta haɗa hannu ta sunkuya.

Mutane suka fara watsewa ba hayaniya. Annachi ya ce a cire furannin daga saman injin, ya kira wata matashiya mai suna Selvarani ta zo ta tsaya a wurin sa falle. Yarinyar ta zo tana shafa hannu a riga, ta kasa haɗa ido da Ramuthai.

"Matso da ƙafarki baya," in ji Ramuthai. "Kada ki jingina. In abu ya faɗo, ki bar shi ya shiga, a jefar da fallen."

"Amma ke kika ce mana..."

"Na ce. Yanzu na ce ki bari."

Kaliraj ya miƙo mata tsumma mai tsabta. "Jini yana ɗiga miki a koren sari, sarauniya."

"Wa ya gaya maka sarauniya?"

"Duk layinku ya sani. Mijinki ya fi rediyo."

Ta naɗe yatsan, ta ɗaure da haƙori. Bayanta injin ya tashi, ƙasa ta sake rawa. Fallayen farko suka fara zubowa ta ɗaya gefen da ɗuminsu. Ta jira suka taru, ta sa damatsa ta kwashe su ta rungume a ƙirji, ta bi ta tsakanin tarin kwalaye ta nufi teburin baya.